Ƙasa Duka a Kwana Shida

Babana ya shekara talatin da huɗu yana koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, amma bai taɓa yin tafiyar da ta hana shi cin abincin rana a gida ba. Yana iya zana ƙasar nan tamu a kan allo ba tare da ya ɗaga alli ba, ya zuba mata koguna, ya jera tsaunuka, ya gaya maka watan da ruwa yake sauka a kudu da watan da yake ɗaukewa a arewa. Ɗalibai Taswira suke ce masa a bayan idonsa. Ya sani sarai, daɗi ma yake ji, sai dai ya yi kamar bai ji ba.

Ni ce autarsa, ni kaɗai kuma na rage a gari, da shagon ɗinkina mai keke uku a bakin kasuwa. Uwata yake ce mini, ko da faɗa muke yi, kuma muna yi sosai, don halinmu ɗaya. Ni na kai shi wurin likitan ido ranar da ya zuba shayi a kan tebur, kofin yana gefe yana kallonsa. Likita ya haska, ya ɗiga magani, ya sake haskawa, sannan ya ajiye fitilar ya juyo wurina maimakon wurin mai idon. Ya ce jijiyar ce take mutuwa, magani zai ɗan ja lokaci amma ba zai tsayar da ita ba. Wata shida, in an yi sa'a.

Na rako Baba har ƙofar gida. Yana laluben makulli ya ce, "Uwata, ina so in ga mafaɗar nan kafin a kashe fitila."

Ba sai na tambaya wacce ba. Can ƙarshen ƙasar akwai inda babban kogi yake faɗowa daga kan dutse, hotonsa yana shafi na arba'in da ɗaya a littafin da Baba ya koyar da shi har ya yage. Wani hoton kuma, wanda ya yanko daga tsohuwar kalanda, yana rataye a falonmu tun kafin a haife ni: ruwa shuɗi shar, kumfa fara tas. Ni da wannan ruwa muna da tsohuwar gaba. Ina aji ɗaya, a ajin Baba, ya ba mu jarrabawa mu zana mafaɗar mu sa mata launi. Fensirina shuɗi ya ɓata, wanda ya rage mini mai ruwan ƙasa ne, na shafa shi haka nan. Baba ya ɗaga takardata a gaban yara hamsin, ya zana sifiri da jan biro, ya ce, "Wannan ruwa ne ko kwata?" Zango biyu ana kirana Kwata a makarantar nan. Shekarata arba'in da ɗaya yanzu, kuma wallahi ban manta ba.

Na kira Yaya, babban wanmu, wanda yake aiki a babban birni kuma yake warware kowace matsala ta waya yana cin abinci. Na ce a samo mota ta kai mu mafaɗar kai tsaye, mu kwana biyu mu dawo.

Ya ce, "Ke matsalarki ƙaramin tunani. Mutum zai ga abu ɗaya alhali ana iya nuna masa goma sha ɗaya? Bar mini komai."

Kwana uku ya aiko mana da tikiti biyu na wani kamfanin yawon buɗe ido. A jikin takardar an rubuta da manyan baƙaƙe: Ƙasa Duka a Kwana Shida, Abin Mamaki Goma Sha Ɗaya. Na bi jerin da yatsa. Mafaɗar ita ce ta goma sha ɗaya, ranar ƙarshe, ƙarfe huɗu na yamma. Na so in yi masifa, sai na ga Baba ya riga ya sa an wanke masa rigunansa, ya soka jan bironsa a aljihun gaba kamar zai shiga aji. Na rufe shago, na ce wa masu ɗinki su yi haƙuri da ni mako guda.

Motar doguwa ce, mai sanyi, mai labule. Jagoranmu wani siriri ne mai hular kamfani, da ƙaramar tuta a hannu da usur a wuya, shi ya sa tun kafin mu fita gari kowa ya koma ce masa Mai Usur. Ya raba mana kati mai gida goma sha ɗaya, ya tsaya a gaba ya yi mana bayanin doka.

"Jama'a, ƙasar nan babba ce, mu kuma kwana shida gare mu. Kowane wuri minti goma sha biyu ne. In na busa usur, kowa ya shigo. Zan tambaya, an gani? Ku ce, an gani. Sai in buga muku hatimi. Wanda ya cika gida goma sha ɗaya, kamfani zai ba shi Takardar Shaidar Sanin Ƙasa, da sunansa a jiki. Mu gwada. An gani?"

Mota ta amsa, "An gani." A lokacin gidan mai kawai muke gani.

A kujerar gabanmu akwai wata mata mai waya a kan doguwar sanda. A kwana shidan nan ban taɓa ganin ta fuskanci wani abu ba. Duk inda muka sauka sai ta juya masa baya, ta ɗaga sanda, ta karkace baki, ta ce wa wayar, "Masoyana, ga ni a nan." A gefenmu kuma wani tsohon darakta ne da ya yi ritaya, wanda ya taɓa zuwa ƙasar waje kwas na mako uku shekara ashirin da suka wuce, kuma har yau bai gama dawowa ba.

Abin mamaki na farko hamada ce. Mun yi awa tara muna tafiya, muka isa da tsakar rana, rairayi ya yi zafin da ba ya takuwa. Kamfani ya san da haka, ya shimfiɗa darduma daga ƙofar mota zuwa wani ɗan dakali, muka bi layi ɗaya bayan ɗaya muka hau, muka kalli yashi, muka sauko. Akwai raƙumi guda ɗaya mai lamba a wuya, yana kwance, ya gaji da mu tun kafin mu iso. Darakta ya ce yashin ƙasar waje ya fi wannan laushi. Baba ya tsuguna a bakin darduma, ya ɗebi rairayi ya murza a tafin hannu, yana cikin gaya mini yadda iska take tafiya da tudu guda daga wuri zuwa wuri sai usur ya tashi.

"An gani?"

Muryar Baba ta fi ta kowa. "An gani."

Daga nan aka kai mu shagon tsaraba, aka ba mu minti arba'in da biyar. Abin da ake sayarwa yashi ne a cikin kwalba, da riguna masu hoton raƙumin nan yana tsaye.

Kwana na biyu muka hau tsaunuka. Hanya ta yi ta murɗawa har rabin motar suka nemi leda. Da muka kai ƙololuwa hazo ya rufe ko'ina, ko takalminka ba ka gani sosai. Mai Usur bai damu ba ko kaɗan. Ya tara mu, ya fito da wayarsa, ya nuna mana hoton abin da za mu gani da a ce babu hazo, ya bi mu da ita ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba alewa. Ya ce tsayin dutsen mita dubu biyar ne.

Baba ya yi gyaran murya. "Dubu biyu da ɗari huɗu da goma sha tara."

Mai Usur ya dube shi da tausayi. "Baba, wannan tsohon lissafi ne. An ƙara."

"Wa ya ƙara?"

"Hukuma."

Na ga hannun Baba ya tafi aljihu wurin jan biro, na riƙe shi. Aka busa usur, aka tambaya, muka ce an gani, aka buga mana hatimi a kan hazo.

Haka muka yi ta yi. Wani tafki da aka ce yana canza launi sau uku a rana, mun same shi a launi ɗaya, minti goma sha biyu kuma ba su isa ya canza ra'ayi ba. Wani kangon tsohon birni mai shekara dubu, mun tarar an yi masa gyara, an shafe bangon da siminti an yi masa fenti ruwan ƙwai, har da fitilu masu walƙiya. Baba ya shafa bangon ya ce, "Sumul yake." Mai Usur ya ce ai da can duk ya lalace, ba ya kyau a hoto. Otal-otal ɗin kuwa duk iri ɗaya ne, gado biyu, labule mai ruwan toka, da hoton wurin da muka baro a bango, wanda kullum ya fi wurin kyau. Yaya yana kira kowace safiya ya tambaya, "Hatimi nawa yanzu?"

Kwana na huɗu muka shiga gandun namun daji. A bakin ƙofa akwai allo da aka rubuta dabbobin da aka gani a wannan mako, har da zaki. Mun yi minti goma muna zagayawa a cikin mota, abin da muka gani akuya ce da wani mutum a kan keke. Mai Usur ya tsayar da direba, ya nuna mana sawun zaki a cikin laka, sabo fil, a jere reras kamar an auna da ma'auni. Ni da nake gefen taga na hango mai keken nan ya jingina wani katako mai siffar dagi a jikin bishiya. Na kawar da kai, na gaji.

Can Mai Usur ya miƙa tuta ya ce, "Giwa, jama'a, ga giwa can." Kowa ya ruga taga. Tankin ruwa ne, baƙi, a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, can nesa a bayan itatuwa. Mai sanda ta juya masa baya ta ɗauki hoto. Darakta ya ce giwayen ƙasar waje sun fi wannan motsi. Ina shirin yin dariya sai na ji Baba a gefena yana cewa, a hankali, cikin jin daɗi, "Kai, ga haurenta nan. Uwata, kin ga haure?"

Ba tankin ma yake kallo ba. Labulen taga yake kallo.

Na fasa dariyar. Sai a lokacin na tuna abubuwan da na yi ta gani ina kawar da kai: yadda yake jira in fara tafiya sannan ya bi sautin takalmina, yadda ya gaishe da madubin otal jiya, yadda komai sai ya taɓa shi kafin ya yi magana a kansa.

Washegari da safe, muna ɗaki yana ɗaura agogo, na tsaya a gabansa na ɗaga hannu.

"Baba, yatsu nawa?"

"Kar ki raina mini hankali da sassafe."

"Yatsu nawa?"

Ya ce, "Uku."

Hannuna a dunƙule yake. Na zauna a bakin gado. Ya ci gaba da kokawa da madaurin agogon da ba ya iya karantawa, ya ce idon hagu ya tafi tun kafin mu bar gida. Na dama kuma kamar ana leƙe ta ramin makulli ne, kullum ramin yana ƙara tsukewa. Wata shidan likita ba su zo da gaskiya ba.

Na ce, "To me ya sa kake ta cewa an gani, an gani, har kana fin kowa murya?"

"Yayanki ya yi ƙoƙari. Ke kin rufe shago. In ce muku me? Kuma ai ba ƙarya na yi ba, ban ce na gani ba. Cewa na yi an gani."

Na fita na sami Mai Usur yana shan shayi a harabar otal. Na gaya masa komai, ban ɓoye ba, har muryata ta karye, abin da na tsana. Na roƙe shi mu wuce mafaɗar yau, ko ya sauke mu inda za mu sami motar da za ta kai mu. Ya saurare ni da kyau, don ba mugu ba ne, jadawali ne kawai ya cinye shi. Ya buɗe takarda ya nuna mini: yau teku, gadar sama da kasuwar tsaraba ta ƙasa, gobe kogo da mafaɗa. Ya ce daga nan babu motar da take zuwa can sai tamu, hanya ɗaya ce.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Mafaɗarmu ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Ko makaho ya je sai ya gani."

Ban mare shi ba, kuma har yau ina mamakin kaina.

Tekun yana bayan katangar wani otal da ba namu ba, ta ƙofar ƙarfe muka leƙa shi. Baba ya tsaya yana shaƙar iska, ya ce yana jin gishiri. Ranar ban amsa an gani ba ko sau ɗaya, na zauna ina kallon idonsa na dama kamar mai gadin fitila a cikin iska. Duk bayan awa sai in tambaye shi ko yana ganin hasken taga. Ya ce in na sake tambaya zai sauka ya hau motar wasu.

Ranar ta shida, ƙarfe huɗu saura minti biyar, motar ta tsaya a wani fili mai kwalta. Na riƙo hannun Baba muka sauko. Ina jin ƙarar ruwa kuwa, shuuu, har da ɗan yayyafi a fuska. Na ɗaga kai.

Wani ƙaton kyalle ne, tsayin bene mai hawa biyu, an ɗaure shi a jikin ƙarafa. A jikinsa an buga hoton mafaɗar, shuɗi shar, kumfa fara tas, irin na falonmu sak. Ni tela ce, daga inda nake ina ganin inda aka haɗa ɗinkin, kuma ɗinkin ma bai yi kyau ba. A ƙasa akwai lasifika biyu suna ƙarar ruwa. A bayan wata tukunyar fure wani dattijo yana zaune a kan kujera da famfon feshi irin na gona, yana fesa mana ruwa a fuska yana hamma.

Mai Usur ya ɗaga tuta. "Jama'a, abin mamaki na goma sha ɗaya. Asalin ruwan yana can ƙasa, matakala ɗari huɗu da wani abu, tafiyar kusan awa guda, ga santsi. Saboda jin daɗinku kamfani ya hawo muku da shi nan. Minti goma sha biyu."

Mutane suka yi tafi. Mai sanda ta ce wannan ne wuri mafi kyau a duk tafiyar. Darakta ya gyaɗa kai a karo na farko, ya ce to, yanzu ne aka yi abu irin na ƙasar waje.

Baba ya saki hannuna ya matsa gaba. Ya cire hularsa. Ya ɗaga fuska, feshin dattijon nan yana sauka masa a goshi, ya karkata kai yana neman ramin makullin da ya rage masa. Ya ce, "Ina ganin shuɗi, Uwata."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ga tsoho ya cire hula a gaban kyalle. In na yi shiru, zai koma gida da shuɗinsa, Yaya ya sami takardar shaida ya rataye, kowa ya huta. Sai ƙarar ruwan ta yi ɗif, aka ji wani ɗan ƙas, ta sake farowa daga farko. Bayan kamar minti ɗaya ta sake yin haka.

Baba ya mai da hularsa a hankali. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ruwan nan yana tsayawa ya huta."

"Baba..."

"Na sani. Ina jin warin roba tun daga mota. Ki bar shi. Na ba ki wahala ta isa, gwiwoyina ma ba za su iya ba. Mu karɓi hatiminmu mu tafi gida."

Usur ya tashi. Kowa ya shiga ya zauna, mu ma muka zo bakin ƙofa. Mai Usur ya buɗe hatimi, ya hura masa iska, ya ce, "An gani?"

Mota ta ɗauka, "An gani." Na ji Baba ya ja numfashi zai bi su.

Na ce, "Ba a gani ba."

Mai Usur ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce shekararsa takwas a aikin nan ba a taɓa ba shi wannan amsa ba, kuma babu gidanta a takarda. Na ce ya buɗe mana wurin kaya. Ya ce mota ba ta jira, minti goma sha biyu sun cika, kuma duk wanda ya sauka a nan ya yi asarar takardar shaida. Na ce ya haɗa da tawa ya ba raƙumin nan mai lamba, shi ya fi kowa sanin ƙasa. Na jawo jakunkunanmu biyu na ajiye wurin dattijo mai feshi, wanda ya ce akwai ɗakin kwana a ƙauyen da ke gaba, kuma motar kasuwa tana wucewa da safe. Ya nuna mini wata 'yar ƙofa a bayan kyallen. Motarmu ta tashi, mai sanda tana ɗaukar hotonmu ta taga, karo na farko da ta juya wayar ta kalli wani.

Baba ya ce, "Ke dai ba ki da kunya."

Na ce, "Gado na yi. Ɗora hannunka a kafaɗata."

Matakalar ta dutse ce, mai gansakuka, wani wurin babu abin riƙewa. Ina gaba yana baya, ina cewa sauka, sauka, faɗi ne nan, tsaya. Sau shida muka zauna ya huta. A hutu na uku ya ce mu koma, na yi kamar ban ji ba. A na huɗu ni na ce mu koma, don na ga leɓɓansa sun yi fari, shi ma ya yi kamar bai ji ba. Ƙarar lasifikar sama ta ɓace, aka yi wani shiru na ganye da tsuntsaye, sannan wata ƙara ta fara tasowa daga ƙasa, wadda ba a kunne ake fara jinta ba, a tafin ƙafa ne. Baba ya matse mini kafaɗa. Bai ƙara neman hutu ba.

Da muka zagayo dutsen ƙarshe, iska mai ruwa ta buge mu har na ja da baya. Ban san abu yana iya girma haka ba. Kogi guda ne yake zubowa daga sama, ƙasa tana rawa, ba ka jin muryarka sai ka yi ihu. Cikin minti ɗaya muka jiƙe sharkaf. Na kai Baba bakin ƙarfen da aka kafa, na ɗora hannayensa a kai.

Ya daɗe yana juya kai, dama, hagu, sama, yana neman ramin makullinsa. Na ga lokacin da ya daina nema. Ya jawo ni ya sa baki a kunnena.

"Haske kawai nake gani. Faɗa mini. Wane launi ne?"

Na kalli ruwan. An yi ruwan sama a can saman kogin, ya kwaso laka da ƙasar gonaki da duk abin da ya tarar a hanya. Babu shuɗi ko na ɗigo. Ko kumfar ma ba fara ba ce. Na yi niyyar in ce shuɗi, wallahi na yi niyya, kalmar tana bakina. Amma mutumin nan ya sauko matakala ɗari huɗu da gwiwoyin shekara saba'in da uku don kada a sake nuna masa kyalle.

Na ce, "Ruwan ƙasa ne, Baba."

"Me?"

Na ɗaga murya. "Ruwan ƙasa. Kamar kwata."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ban ji ya yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Ya yi ta yi yana dukan ƙarfen da tafin hannu, daga baya ta koma kukan, ni ma na taya shi, ruwa yana wanke mana fuska babu mai ganin na wani.

Da ya lafa ya ce, "Nawa na ba ki?"

"Sifiri. A gaban yara hamsin."

Ya laluba aljihu ya fito da jan biro da katin kamfani mai hatimi goma, wanda ya jiƙe ya yi laushi. Ya ce in ɗora masa yatsa a gidan da ya rage. Na ɗora. Ya danna biron da ƙarfi, ya rubuta goma bisa goma, rubutun ya karkace ya fita daga gidan ya hau kan hatimin kogo. Ya miƙo mini ta gefen da ba na tsaye, na zagaya na karɓa.

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Uwata. Daga kalanda na koya."

Sannan ya gyara tsayuwa, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ya juya fuskarsa wurin ƙarar. Ya ce in faro masa daga can sama, in bi ruwan har ƙasa, kada in tsallake komai, kuma kada in yi sauri, babu mai busa mana usur.